Ƙaryar da Ke Fure a Hunturun Illo

Da kyauta a hannu na tsallake gadar Tuga a watan Disamba, na nufi Illo a Ƙaramar Hukumar Bagudo. Kyautar kuwa dashen kameliya ce a cikin tukunyar roba, wadda na saya da tsada wajen wani mai sayar da furanni a Jos, don in kai wa mahaifiyar abokina. Na daɗe ina jin labarin tsohuwar da son shuke-shuke, na ce bari in kai mata abin da ba ta taɓa gani ba.

Kameliya ’yar ƙasashen Sin da Japan ce, kuma abin da ya ɗaukaka ta a lambunan Turai shi ne wasu ire-irenta na fure a tsakiyar sanyi, lokacin da sauran itatuwa suka tuɓe. Ba baƙuwa ba ce gare mu kamar yadda muke zato, domin ganyen shayin da ake nomawa a tsaunin Mambila ɗan gidansu ne. Sai dai Mambila ta haura mita 1,500 a sama, ga hazo, ga ruwan sama. Ita kameliya ƙasa mai tsami take so, da inuwa, da danshin da ba ya yankewa. Duk na karanta wannan kafin in taso. Son burgewa ne ya hana ni lissafa shi da garin da zafinsa kan wuce digiri 40 a watan Afrilu.

Illo tsohon gari ne na ƙasar Bargu, a yammacin kogin Kwara, kan hanyar da fataken goro ke bi zuwa Gwanja. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta bar shi a ɓangaren Ingilishi, daga baya aka haɗa shi da masarautar Gwandu. Har gobe iyakar ba ta raba dangi ba: ta Lolo ana shiga Madekali, ta Tsamiya ana shiga Segbana, a kasuwa kuma kunne na jin Hausa da Busanci da Dandanci da Fillanci a rumfa guda. Na iske gari ya yi fari fat da ƙurar hunturu, manoman rani na ta fama da shinkafa da albasa a fadama.

Inna ta karɓi tukunyar hannu bibbiyu, ta yi godiya, ta shafa ganyen mai sheƙi. Sannan ta ce, “Ɗana, wagga ’yar sarauta ta, ba ta iya zaman garinmu. Taho ka ga tawa.”

A bayan ɗakinta, jikin tsohuwar katangar laka, wata bishiya ce gajera mai kumburarren gindi, rassanta masu kauri kamar hannun jariri, babu ganye ko ɗaya. Amma kan kowane reshe fure ne, ja-ja mai farin ciki, ya cika ta har ƙasa. Ƙarya ke nan, wadda masu sayar da furanni a birane suke laƙaba wa sunan Turanci su ninka mata kuɗi. Na sha wuce ta a ƙauyukanmu ban ɗaga kai ba. Ashe furen hunturun da na ɗauko daga nesa, muna da namu a bayan ɗaki.

Masana tsirrai sun danganta sunanta da karin maganar nan, ƙarya fure take ba ta ’ya’ya, saboda da wuya a gan ta da ɗa a cikin gari. Ba wai ba ta yi ba ne sam. Idan ta samu barbara daga wata ’yar’uwarta, takan fitar da kwanso biyu kamar ƙahoni, da iri mai gashi da iska ke ɗauka. Amma na cikin gidaje galibi reshe ne aka yanko daga uwa ɗaya. Ta Inna ma haka ta zo: reshe ne ta ɗauko daga gidan iyayenta a hayin iyaka, shekarar da aka kawo ta amarya.

Na zauna a tabarma tana koya mini renonta. A yanki reshe da rani, a ajiye shi a inuwa kwana kaɗan har bakin yankan ya bushe, a kafa shi a ƙasa mai yashi inda ruwa ba ya kwanciya, a rana tsaka. Ruwa kaɗan, domin gindin nan nata randa ce. Wanda ya cika mata shayarwa da sanyi zai iske ta ruɓe daga ƙasa. “Lele na kashe ta,” in ji Inna. Ta kuma gargaɗe ni da ruwan jikinta, wanda dafi ne na gaske. A sassa da dama na Afirka da shi ake shafa wa kibiya, ana kuma zuba shi a tafki don kama kifi. Duk wanda ya yanke ta sai ya wanke hannu, kuma ba a barin yara su yi wasa da ita.

Nan ne gardamar gidan take. Abokina na shirin rushe katangar laka ya ja ta bulo, layin ginin kuma ta kan bishiyar ya bi. Hujjarsa ba ta banza ba ce, ga jikoki na rarrafe a tsakar gida. Inna ta ce ta reni ’ya’ya bakwai a gindinta, babu wanda ya ko yi tari. Ni dai ina ganin katanga na iya kaucewa da taku biyu, shinge kaɗan kuma ya ishi yaran, na kuwa faɗa masa haka. Bai ce e ba, bai ce a’a ba.

Da azumi ya kira ni ya ce kameliya ta zubar da ganye ta bushe, duk da Inna ta ajiye ta kusa da randa tana ba ta ruwa safe da yamma. Na tambaye shi katanga, ya ce siminti ya yi tsada, sai bayan damina. Reshen da Inna ta naɗe mini a tsumma ranar da zan taho yana nan a tsohon bokiti a ƙofar gidana, ya fitar da ganye huɗu.