Ranar da Muka Je Ganin Iccen Tenere

Malamai sun ce ƴan ajin ƙarshe su rubuta abin da ba za su manta ba a bana. Mu uku ne manyan da suka je Yamai, kuma akwai maganar da muka daɗe muna ɓoyo. Mun yi shawara, muka ga gara ta fito daga bakinmu.

A goman ƙarshe na azumi aka kai mu musabaƙa, mu goma sha biyu da Malam. Kar ta tashi daga Maraɗi da asuba, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar sama da kilomita 600, ga ƙishirwa. Zancen musabaƙar ba za mu ja shi ba, don mu manya ba mu samo komai ba. Autanmu mai shekara tara shi kaɗai ya fidda mu kunya, ya zo na uku a rukuninsa. Da aka gama ba a samu wuri a mota ba, sai muka yi Idi a can. Kashegari Malam ya ce mu shirya, za mu Mize.

Haka mutanen Yamai ke kiran gidan tarihi na ƙasa. An buɗe shi a 1959, kuma yana ɗauke da sunan Bubu Hama, marubucin da ya shugabanci majalisar dokoki har 1974. Ciki akwai namun daji, da ɗakunan tufafin gargajiya, da bukkokin Fulani da tantin Buzaye, da rumfunan dukawa da maƙera. Amma ranar yawon salla abin da ya fi yawa shi ne mutane. Wallahi ko kasuwar Maraɗi ana gobe salla ba ta kai ba. Yara ne ko'ina cikin sabbin kaya, masu ƙanƙara da masu awara na ta kira, Zabarmanci da Hausa da Faransanci sun cakuɗe, ga ƙura. Mun fi rabin awa a layi.

A bakin ƙofa Malam ya raba mu, ya ba kowane babba yara uku, ya yi wani jawabi. Jawabin nan ba mu ji shi ba. Ɗan mai masaukinmu ya ara mana waya mai hoto, muna can muna gardamar wa zai fara riƙewa. Malam kuma ƙafarsa na ciwo, ya ce zai zauna wajen dukawa, mu same shi da la'asar.

Kai tsaye muka nufi zaki. Zakin da muka yi mako muna zancensa kwance muka iske shi, ya juya mana baya, ko kunne bai kaɗa ba. Duk da haka mutane sun yi cincirindo, kowa ya ɗaga waya sama. Mu ma muka kutsa. Ɗayanmu ya hau kafaɗar ɗan'uwansa don ya samu hoto, na ukun yana tare su kada su faɗi. Hannu shida gare mu, duka shida suna wajen waya. Da muka fito muka ƙirga yara, takwas. Muka sake ƙirgawa, takwas. Babu Auta.

Abin da ya fara faɗo mana a rai shi ne mahaifiyarsa a tasha, ta kama hannunsa ta sa cikin namu, ta ce, "Ga ƙanenku nan, bai taɓa kwana wani gari ba. Amana." Muka tara sauran yaran gindin wata bishiya, ɗaya ya tsaya da su, biyu muka bazama. Wajen dorina muka fara zuwa, saboda ruwan, gabanmu na faɗuwa. Muka bi ta wurin ƙasusuwan dabbobin nan na zamanin da, waɗanda aka tono a hamadar Agadas, har da kada mai tsawon da ya haura mita 9. Da wata rana ce da mun tsaya mun yi tasbihi, ran nan ƙarƙashinsu kawai muka leƙa. Muka tambayi wata mata, ta ba mu amsa da Zabarmanci, ba mu gane ba. Muka ce wa wani dattijo mai sayar da kilishi, "Baba, don Allah ko kun ga wani yaro mai farar jallabiya da hula?" Ya ce, "Ƴaƴana, yau yaran garin ga duka farar jallabiya gare su." Rumfar dukawa kuwa zagaye ta muka yi ta baya, kada Malam ya hango mu. Wannan ma laifi ne, mun sani. Ya fi kowa cancantar a gaya masa, tsoron faɗa ya hana mu.

Wani ƙaramin cikin yaran ne ya ce, "Yaya, kun duba wajen iccen? Ai Malam ya ce wanda duk ya ɓata ya tafi can ya zauna."

Can muka same shi, zaune a ƙasa, ya rungume gwiwa, bakinsa na motsi da karatu. Ya ɗago ya ce, "Kun daɗe."

Iccen kansa, gaskiya, da ba don Auta ba da ko kallo ba zai ishe mu ba. Busasshen kututture ne da ƴan rassa, an killace shi cikin ɗan gini, mutane na wucewa ba su ko waiwaya. Wani tsoho mai rawani da ke zaune kusa da Auta shi ya ba mu labarinsa. Iccen ƙaya ne, dangin bagaruwa, shi kaɗai tsaye cikin Tenere, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga wani ba. Ayarin gishiri da ke tsakanin Agadas da Bilma da shi suke gane hanya. Ba mai karya reshensa don dafa shayi, ba mai barin raƙumi ya ci ganyensa. Da aka gina rijiya kusa da shi sai da aka wuce mita 30 kafin a tarar da ruwa, aka iske saiwoyinsa sun riga sun kai can. A 1973 wani direban babbar mota ya buge shi, cikin wannan fili duka. Aka ɗauko gawarsa zuwa Yamai, can kuma aka kafa na ƙarfe a madadinsa. Mun daɗe tsaye a wurin, wataƙila don ƙafafunmu ba su daina rawa ba.

Kuɗin guzurinmu da ya rage muka haɗa muka saya wa Auta kilishi, muka roƙe shi ya rufa mana asiri. Ya ce ba sai mun saya ba, amma ya cinye. Da la'asar Malam ya ƙirga mu, goma sha biyu cif, ya ce, "Kun ga iccen?" Muka ce, "Mun gani, Malam." Auta bai ce uffan ba, har yau.

Malam, Inna, abin da ya faru ke nan, ku yafe mana. Hoton da muka saki hannun yaron saboda shi yana nan, ɗan mai masauki ya turo mana. Wutsiyar zaki ce da ƙeyar wani mutum da ba mu sani ba. Na iccen babu, cajin wayar ya ƙare kafin mu isa.