Tsakanin Tafiya da Yawo a Unguwar Kilomita Biyar

A kasuwar Kilomita Biyar da ke Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, akwai wata mai sayar da atamfa da shadda wadda kowa ke kira Hajiya. A nan aka haife ta, a nan aka haifi mahaifinta. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Kano da fatauci a zamanin mulkin Faransa, ya biyo ta Adamawa, ya ya da zango kusa da kogin Ubangi, zangon kuwa ya zama gida. Unguwar ta samo sunanta daga tazarar da ke tsakaninta da tsakiyar birni, kuma PK5 ake kiranta a takardu da labaran rediyo. Nan ne cibiyar cinikin Bangui, nan ne babban masallacin birnin yake, kuma a layi guda mai wucewa zai ji Sango da Faransanci da Fulatanci da Larabcin Chadi da Hausa.

Hausar Hajiya ta isa ɗalibi ya tsaya ya saurara. Babbar mota takan kira ta kamyo, ma'aikatan kwastan 'yan duwan, makarantar boko kuwa lekol, kamar yadda ake ji a bakin mutanen Nijar. Hausar Kano ta same ta ne a cikin ɗaki, ta kaset. A farkon shekarun 2000 direbobin Kamaru suka riƙa shigo da finafinai irin su Sangaya da Wasila, daga baya faifai ya maye gurbin kaset, yau kuma a waya ake tura su. Ta san lafazin Kanawa da zaurancensu, ta san yadda amarya ke gaida uwar miji a birni, amma ba ta taɓa taka Kano ba. Hanyar da ta sani ita ce ta Duwala. Fiye da shekara ashirin tana bin ta sau biyu ko uku a shekara don saro kaya: daga Bangui zuwa Boali, Bossembélé, Bouar, har bakin iyaka a Garwa-Bulai, kimanin kilomita 600, sannan ta nausa cikin Kamaru zuwa bakin teku. Da wannan hanya ta riƙe 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta, da ita kuma ta biya kuɗin aikin hajji.

A shekarar 2022 autarta ta gama sakandare, ta ce jami'ar Ngaundare take so, a arewacin Kamaru. Ta kuma ƙara wata magana wadda da ta bar ta a ciki da abin ya zo da sauƙi: in an yi hutu, za ta bi ta Garwa da Yola ta je ta ga Kano da Kaduna da idonta. Ƙanen Hajiya, wanda shi ne namijin da ake shawara da shi a gidan, bai yi wata doguwar magana ba. Cewa ya yi, "Yaya, karatu daban, yawo daban. Yarinyar nan yawo take so."

Kalma guda ya zaɓa, kuma ya san abin da ya zaɓa. Hausa tana da arzikin kalmomin barin gida, sai dai ba a raba su daidai tsakanin maza da mata ba. Tafiya ba ta da laifi a bakin kowa, ita ce ma ake cewa mabuɗin ilimi. Balaguro na manya ne da ma'aikata. Fatauci da ci-rani da almajiranci, in an ambace su, namiji ake gani a zuci. Ƙaura ta iyali ce, ziyara da biki da haji su ne ƙofofin da aka buɗe wa mace ba tare da tambaya ba. Yawo kuwa kalma ce mai fuska biyu. Saurayin da ya yi yawon duniya ya dawo, ana zama a ji labari daga bakinsa. Budurwa in aka ce ta shiga duniya, ko ta cika yawo, an gama da ita a unguwa. Ko da yawon buɗe ido, wanda aka ƙirƙira don baƙin da ke zuwa kallon ƙasa, bai wanke kalmar ba. Ɗalibin da ya duba ƙamus zai tarar da ma'ana guda, amma kawun yarinyar ba ma'anar ƙamus yake nufi ba, ita ma ta gane. Har yau harshen bai tanadi wata kalmar yabo ta yau da kullum ba ga macen da ta kama hanya don kawai tana son ta gani. In an matsa sai a ce mace mai kamar maza, wato sai an aro mata rigar namiji kafin a yaba mata.

Akwai kuma kalmar da ba wanda ya so ya furta a zaman nan, wato gudu. A watan Maris na 2013 'yan tawayen Seleka suka kama Bangui. Ranar 5 ga Disamba na shekarar mayaƙan anti-balaka suka afka wa birnin, daga nan Musulmi suka zama abin farauta a unguwa bayan unguwa, har Kilomita Biyar ta zama kusan mafaka ta ƙarshe. A farkon 2014 dubban mutane suka fice cikin ayarin manyan motoci, wasu zuwa Chadi, wasu zuwa Kamaru. Hajiya ta bi hanyarta ta Garwa-Bulai, wannan karon a saman kaya, da yarinya 'yar shekara goma a cinyarta, ta lulluɓe mata fuska da mayafi duk inda motar ta rage gudu a cikin gari. A lokacin an yi ta ce musu su koma ƙasarsu. Fi'ilin koma yana ɗauke da zaton cewa mutum ya taɓa zama a inda ake tura shi, ita kuwa ba ta da wata ƙasa da za ta koma. Da ta sake shigowa Bangui a 2016, 'yan watanni bayan Fafaroma Francis ya ziyarci babban masallacin unguwar ranar 30 ga Nuwamba 2015, cewa ta yi ta dawo. Wasalin ƙarshe na dawo, kamar na taho da fito da komo, yana jawo motsi zuwa inda mai magana yake tsaye, kuma da shi ta faɗi inda gidanta yake.

To, abin da uwa ta sani game da hanya ke nan: ciniki da gudu. Ba ta taɓa kiran ko ɗaya daga cikinsu jarumtaka ba. Da aka rufe hanyar Kamaru daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 saboda sabon tawaye, kaya suka yi tsada a kasuwa, tsoronta ya sake sabunta.

Ita yarinyar daga wani wuri dabam sha'awarta ta taso, kuma kawunta bai yi kuskure ba da ya ɗora laifin a kan fim. Inda ya kuskure shi ne zaton labaran ne suka ja ta. Galibin finafinan Kano ba sa sakin mace a hanya. Duniyarta falo ce da ɗakin kwana da kicin, in kuwa ta shiga mota ita kaɗai daga ƙauye zuwa birni, mai kallo ya san wahala ce ke jiranta a tasha. Abin da ya kama zuciyar Auta shi ne rayuwar wata 'yar wasa, Hadiza Gabon, wadda aka haifa a Libreville a 1989, ta tashi da Faransanci a bakinta, ta zo Kaduna, ta koyi Hausa, ta shiga harkar fim a 2009 har ta zama ɗaya daga cikin fitattu. Ga yarinyar da ta yi karatu da Faransanci a bakin Ubangi, wadda Hausarta ke ba baƙin Nijeriya dariya, wannan hujja ce cewa ana iya tasowa daga gefen duniyar Hausa a isa tsakiyarta.

Wanda ya karanci adabin Hausa zai tuna cewa matafiyiya mafi ƙarfin hali a rubutun zube na farko uwa ce. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, aka kuma mayar da shi fim a 1976 ƙarƙashin jagorancin Adamu Halilu, mahaifiyar Umar ta bar ƙasar Hausa, ta ƙetare Sahara tana neman ɗanta da aka sace, ta faɗa cikin bauta a ƙasar Libya ta yau, kuma ba ta daɗe da ganinsa ba ta rasu. Ba wanda ya taɓa kiran tafiyarta yawo, domin ɗa take nema. Haka adabin ya saba: yana ba mace hanya in larura ta kore ta, sannan ya sa ta biya da tsada. Hajiya ta dace da wannan ma'auni. Auta ce ba ta da gurbi a cikinsa, tunda ba wanda ya sace mata kowa.

Ana cikin wannan ja-in-ja yarinyar ta kawo wani fim a kwamfutar ƙawarta. Sunansa Camille, na Boris Lojkine, ya fito a 2019, kan rayuwar Camille Lepage, Bafaranshiya mai ɗaukar hoto wadda ta yi aiki a Sudan ta Kudu, ta zo Afirka ta Tsakiya lokacin rikicin, aka kashe ta ranar 12 ga Mayu 2014 a yammacin ƙasar tana da shekara 26. Zaɓin bai yi kama da na mai neman izini ba, tunda matafiyiyar mutuwa ta yi. Hajiya ta kalla har ƙarshe ba ta ce uffan ba. Ta gane tituna, ta gane irin motocin, ta gane jar ƙasar hanyar yamma. Da aka gama sai ta ce, "Allah sarki, 'yar mutane. Uwarta fa?" Can kuma ta ƙara da cewa, "Mu muna saman kamyo muna fita, ita tana shigowa."

Auta ta ce, "Inna, ita an yi mata fim. Ke da kika bi hanyar nan sau hamsin, wa ya yi miki?"

"Ni kaya nake sarowa. Me za a kalla a ciki?"

Amsar ta fito da gaskiyarta, kuma ita ce ta fi komai ciwo a zancen. Camille Lepage ta cancanci fim ɗinta, ta tsaya a inda manyan kafofin labarai suka kau da kai. Amma matan da suka san kowane shingen jandarma daga Boali zuwa iyaka, waɗanda suka ɗinke kuɗi a cikin ɗankwali suka ciyar da gidaje, su kansu ba su ga abin kallo a rayuwarsu ba, domin harshen da suke tunani da shi ya ajiye tafiyarsu a ƙarƙashin neman abinci. Yarinyar da ta ɗauka daga Hadiza Gabon ta koyi son hanya, a gaban mai bin hanya ta girma.

Ba fim ɗin ne ya sauya ra'ayin Hajiya ba, ko dai ba shi kaɗai ba. Lissafi ta yi irin na 'yan kasuwa: yarinyar da aka hana da ƙarfi tana iya tafiya ba sallama, wadda aka raka kuwa an san inda take. Ta gaya wa ƙanenta cewa Ngaundare karatu ne, zancen Kano kuma a bar shi sai an ga sakamakon shekarar farko. Bai ji daɗi ba, bai kuma sake cewa yawo ba.

Ta haɗa tafiyar da saron kayanta, suka fita tare da asuba. A hanya ta riƙa nuna mata abubuwa ɗaya bayan ɗaya: inda ake sauka a nuna takarda, inda ba a fito da waya, gidan wata Bafulatana a Bouar da mata ke kwana, mai canjin da ba ya cuta a bakin iyaka. A Garwa-Bulai hanya ta rabu, ta Duwala ta yi kudu, ta Ngaundare ta yi arewa ta Meiganga. Hajiya ta biya kuɗin mota, ta zaɓa mata kujera kusa da wata dattijuwa, ta karɓi lambar direba ta rubuta a bayan rasit.

"In kin isa ki kira ni kafin ki kira kawunki. In kuma Allah ya kai ki Kano, ki shiga Kantin Kwari ki tambayo mini nawa suke sayar da shadda."