Kunya a Ɗakin Jarrabawa

Tun shekarar 2013, yaron da ke neman gurbin karatun likita a yawancin jami'o'in Birtaniya ba ya tsira da ƙwazon lissafi da kimiyya kaɗai. A ƙarshen jarrabawar share fage da ake kira UCAT akwai wani sashe da ba ya tambayar komi daga littafin makaranta. Gajeren labari ake ba ɗalibi: ga asibiti, ga abin da ya auku, ga matakin da wani ya ɗauka. Sai ya zaɓa: matakin ya dace ƙwarai, ko ya dace amma da sauran gyara, ko bai dace ba amma bai yi muni ba, ko kuwa sam bai dace ba. Tambayoyi 69 ne cikin minti 26, wato kimanin daƙiƙa 22 ga kowace tambaya. Daga nan a kasa ɗalibai rukuni huɗu, kuma akwai jami'o'in da ke ajiye takardar duk wanda ya faɗa rukuni na huɗu, komi yawan makinsa a sauran sassa. Malamin da ya saba da tsarin Nijar, inda sakamakon Bak ke buɗe wa yaro hanyar jami'a, zai yi mamaki: ta yaya za a auna hankalin mutum da kwamfuta?

Wata yarinya ƴar shekara 17, haifaffiyar Maraɗi, wadda iyayenta suka ƙaura Manchesta tana ƴar shekara tara, ta kwashe hutun ƙarshen shekara tana shirin wannan jarrabawa. Sauran sassa ba su ba ta wahala ba. Amma duk gwajin da ta yi na sashen ƙarshe, a rukuni na uku take tsayawa. Da ta jera tambayoyin da ta faɗi, sai ta ga kusan duka abu ɗaya ya haɗa su: akwai babba a cikin labarin.

Ga irinsu. Ɗalibi ya ji warin giya a bakin babban likitan da ke shirin duba marasa lafiya, sai ya yi shiru domin mutumin na gaba da shi ne. Ita ta ce wannan bai dace ba amma bai yi muni ba. Masu jarrabawa kuwa a wurinsu babu mafi muni daga shirun nan. Abin da suke so shi ne ɗalibin ya keɓe likitan nan take ya yi masa magana, in bai ji ba ya sanar da mai kula da sashen, kafin hannunsa ya taɓa kowa. Da ta karanta wa mahaifinta, sai ya aje kofin shayinsa ya ce, "Ke ɗiyata, yaro ya dubi tsabar idon babba ya ce masa ya sha giya? Wace tarbiyya ce wannan?" Ta ce, "Baba, in kuma Inna ce kwance a gadon fa?" Bai amsa ba, bai kuma sauya ra'ayi ba.

Ba banza Turawan Ingila suka ɗora wannan nauyi a kan ƙarami ba. Gawa suka binne kafin su koya. A farkon shekarun 1990, wani likita mai sa barci lokacin tiyata a babban asibitin Biristol, Stephen Bolsin, ya lura jarirai na mutuwa fiye da ƙima bayan aikin zuciya. Ya tattara alƙaluma, ya kai ƙara sama, manya suka juya masa baya, har ya bar ƙasar ya koma Ostiraliya da aiki. Rahoton binciken da ya fito a 2001 ya ƙiyasta cewa tsakanin 1991 da 1995 yara 30 zuwa 35 ƴan ƙasa da shekara ɗaya sun rasu fiye da yadda aka zata a asibiti irinsa. Mutane da dama sun ga alamun, kowa yana jin nauyin na gaba da shi. Ashe kunyar babba ba ta Bahaushe ba ce shi kaɗai.

Akwai kuma inda tarbiyyar gida ta tsaya mata. Miji ya bugo waya yana neman sakamakon gwajin jinin matarsa, yana roƙo, yana cewa hankalinsa a tashe yake. Da farko ta so a ba shi, domin ta girma tana ganin labari mai nauyi ana fara kai wa maigida. Mahaifiyarta ce ta tare ta daga kicin: "A'a. Asirin mace nata ne har sai ta buɗe da kanta." Amsar da ake nema ke nan daidai. Abin da hukumar likitocin Birtaniya ta rubuta a shafuka, tsohuwar kalmar rufin asiri ta riga ta ɗauke shi. Haka nan keɓe mutum kafin a yi masa gyara, kada a tozarta shi a gaban jama'a: wannan ba ta koye shi a Manchesta ba.

Daga nan ta daina haddar amsoshi. Ta karanta ɗan littafin ƙa'idojin aiki na hukumar, wanda aka sabunta a 2024, ta gane cewa masu jarrabawa jerin fifiko gare su: lafiyar majinyaci a gaba da komi, sannan gaskiya ko da za ta jawo wa mai faɗinta hasara, sannan kada ɗalibi ya yi aikin da ya fi ƙarfin saninsa. Girman babba yana cikin jerin, amma can ƙasa.

Ba a ce ma'aunin ba shi da aibi ba. Ɗan likita ya sha jin irin waɗannan hukunce-hukunce a kan tabarmar cin abinci, mai kuɗi kuma yana sayen darussan horo, don haka wani lokaci sanin al'adar asibitin Ingila ake aunawa, ba kyawun hali ba. Maƙaryaci mai wayo zai iya shiga rukuni na ɗaya. Su kansu hukumomin ƙasar sun janye irin wannan jarrabawa daga tsarin raba wa sababbin likitoci wuraren aiki a 2024, alhali tana nan ga masu neman shiga.

Gwajin da ya fi ba ta tsoro ba a kwamfuta ya zo ba. Kowace Asabar tana aikin sa kai a gidan kula da tsofaffi. Wata rana ta ga wata ma'aikaciya, sa'ar mahaifiyarta, za ta ba wani tsoho ruwa tsagwaronsa, alhali an rubuta a kan gadonsa cewa sai an kaurara masa abin sha, domin shanyewar ɓarin jiki ta taɓa maƙogwaronsa, ruwa na iya sarƙe shi ya gangara huhu. Bakinta ya yi nauyi. Ta matsa kusa, ta rage murya yadda kowa ba zai ji ba, ta nuna takardar. Matar ta ɗaure fuska, ta canza kofin, ba ta ƙara yi mata magana ba har aka tashi.

A watan Satumba ta zauna jarrabawar, ta fito a rukuni na biyu. Mahaifinta har yau yana cewa yaro ba ya gyara wa babba magana. Amma da aka sa ranar yi wa ƙanensa tiyata a Maraɗi, ita ya kira ya ce ta rubuto masa tambayoyin da za a yi wa likitan.