Ranar Da Aka Ce Mu Rufa Wa Malam Asiri

Bayan magariba ƙanwata ta faɗo gidana a Tudun Wada, nan Gusau, ko sallama babu. Ta ce, "Yaya, 'yarki ta ce ko za a yanka ta ba za ta koma islamiyya ba." Yarinyar shekararta 11. Sai da na janye ta ɗaki, na yi ta lallashi, kafin ta faɗi abin da malaminsu ke yi mata idan ya tsayar da ita bayan an tashi, wai ƙarin hadda.

Washegari da sassafe muka kai ta asibiti. 'Yan uwa mata, ku riƙe wannan: maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau bayan fyaɗe, cikin awa 72 ake fara shan sa. Kada a tsaya jiran taron dangi.

Taron dangin kuwa shi ya fi komai ƙona min rai. Kawunmu ya ce naman malamai guba ne. Gwaggo ta ce wa zai aure ta idan magana ta fita? Aka turo dattawan unguwa da kalmar sulhu, malam zai bar makarantar, shi ke nan. Na ce ya bar ta ya koma ina? Can ma 'ya'yan wasu ne. Ni ban ga inda kare yarinya ya zama cin mutuncin addini ba. Wanda ya ɓuya bayan allo ya yi wannan aiki shi ya ci mutuncinsa.

Sai innarmu, wadda ba ta ce uffan ba tun farko, ta yi magana a hankali: "Kun manta yarinyar Magazu?" Ɗakin ya yi tsit. A shekarar 2000, shekarar da aka fara aiki da shari'a a Zamfara, kotu a Tsafe ta yanke wa wata yarinya mai ciki bulala 100. Ta ce tilasta ta aka yi, ta ambaci maza uku, suka musanta, aka sallame su. Har an ƙara mata bulala 80 na ƙazafi kafin a janye. A Janairun 2001 aka yi mata ɗarin. Fiye da shekara ashirin ke nan, amma tsoron yana nan a zukatan iyaye: ka kai ƙara, laifi ya dawo kan 'yarka.

Shi ya sa ba na cikin masu ganin tsananta hukunci kaɗai zai wadatar. Kaduna ta yi dokar dandaƙe masu yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 14 fyaɗe tun 2020. Zamfara ma ta samu dokar kare yara a 2022. To amma wane hukunci zai hau kan mutumin da maganarsa ta mutu a zaure? Abin da nake so majalisarmu ta rubuta ɓaro-ɓaro shi ne: yarinyar da ta kai ƙarar fyaɗe ba za a juya mata tuhuma ba, kuma a karɓi rahoton likita a matsayin hujja. Malamanmu na fiƙihu sun sani, wadda aka tilasta ba ta da laifi. Sannan shugaban makarantar da ya ji ya ɓoye, shi ma ya amsa tambaya gaban alƙali.

Mun kai ƙara. An ɗage zama sau uku, kawu ya daina amsa gaisuwata. Ita kuwa yarinyar, kullum na je sai na ce mata, "Ba laifinki ba ne, Mamana." Da farko kai kawai take sunkuyarwa. Makon jiya ta ɗauko Alƙur'aninta da kanta, ta ce in saurare ta, ta biya min shafi biyu. A wurin wata malama take karatu yanzu, a tsakar gida, ƙofa a buɗe.