Uwa da 'Ya a Gaban Fim Ɗin Lamhe

Sau biyu ta kalli fim ɗin Lamhe, kuma tsakanin kallon farko da na biyu akwai shekara talatin da ɗoriya. Na farko a ɗakin uwargidanta aka yi shi, a cikin birnin Kano, lokacin tana amarya 'yar shekara 19. Kaset ne na haya, wanda yawan shiga hannu ya sa hotonsa yake rawa a wasu wurare. Babu fassara, sai wani ƙanen maigidan da yawan kallo ya koya wa ɗan abin da ya samu na harshen Hindi, yana zaune a bakin ƙofa yana ba da labari, inda ya kasa ji kuma ya cike da nasa. Na biyu a falonta ne, tana malamar firamare da ta kusa ajiye aiki, mijin ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ita ta nemi 'yar autarta, ɗalibar jami'a, ta lalubo mata fim ɗin a intanet. Ta faɗa mata cewa shi ne fim ɗin da ta fi so a duniya.

Labarin ba shi da wuyar bi. Viren, ɗan gidan sarauta da ya tashi a Landan, ya zo Rajastan tare da Dai Jaa, matar da ta raine shi. Can ya ga Pallavi, ya kamu da sonta, ga shi ta girme shi, zuciyarta kuma tana wurin wani matuƙin jirgin sama mai suna Siddharth. Bai taɓa furta mata ba. Ta yi aure, haɗarin mota ya ci mijin, ita ma ta rasu bayan ta haifi 'ya mace, Pooja. Viren ya bar jaririyar a hannun Dai Jaa ya koma Landan, ba ya zuwa sai shekara-shekara don tunawa da ranar rasuwar Pallavi, wadda ita ce kuma ranar haihuwar yarinyar. Yana aiko mata da kyauta, amma ba ya son haɗa ido da ita. Pooja ta girma ta ɗauko kamannin uwarta sak, domin Sridevi ce ta fito a matsayin su biyun, ta kuma girma da son wannan mutum da ke guje mata. Daga ƙarshe, bayan ƙi da gudu da baƙin ciki, ya karɓe ta.

Yash Chopra ne ya shirya fim ɗin kuma ya ba da umarni, ya fito a watan Nuwamba na 1991, shekara biyu bayan Chandni, wanda ya yi kasuwa sosai. Honey Irani ta rubuta labarin, Rahi Masoom Raza ya tsara zantukan, Shiv-Hari suka yi kiɗa. Masu sharhi sun yaba, ya kuma lashe kyautar Filmfare ta fim mafi kyau, Sridevi ta samu ta gwarzuwar jaruma. Amma 'yan kallo a cikin Indiya sun juya masa baya, sai a ƙasashen waje, musamman Ingila, ya samu karɓuwa. Abin da aka fi kama shi da shi a gida shi ne cewa Viren tamkar uba yake ga Pooja, aurensu kuwa ya yi kama da abin da baki ba ya son faɗa. Chopra bai sauya ƙarshen labarin ba, kuma har ya rasu a 2012 yana lissafa fim ɗin cikin waɗanda ya fi ƙauna.

Babu ko ɗaya daga cikin wannan tarihi da ya iso ɗakin uwargida a wancan daren. Abin da amaryar ke tunawa shi ne dariya. Rabin farko na fim ɗin aka yi wa dariya, inda Anil Kapoor, da aka aske masa gashin baki don ya koma yaro, yake bin mace da ta girme shi da ido kamar maraya. Uwargida ta ce wannan yaro ba shi da mafaɗi, in ba haka ba me zai yi da yayarsa? Da aka shiga rabi na biyu, gashin baki ya dawo, furfura ta ɗan fito, sai ɗakin ya natsu, domin al'amari ya koma yadda aka saba ganinsa: babban mutum mai hali, da yarinya da ta isa aure. Tambayar da aka riƙa yi ita ce me yake jira. Uwargida ma Dai Jaa ta ɗora wa laifi. A ganinta tsohuwa mai hankali da ta raini su biyun ba za ta zuba ido yarinya tana ramewa ba, da tuni ta kira shi ta ɗaura magana.

Babu wanda ya ƙirga shekaru a ɗakin, kuma da dalili. Maigidan da ke barci a turakarsa ya ba amaryar shekara 24.

Manazarta sun daɗe da lura da yadda Hausawa suka rungumi finafinan Indiya. Brian Larkin, a muƙalarsa ta 1997 a mujallar Africa, ya nuna cewa mai kallo a Kano yana samun wani zamananci a cikinsu wanda ba sawun Turawa yake bi ba: ga kunya, ga biyayyar iyaye, ga rikicin so da auren tilas. Abdalla Uba Adamu kuma ya bi diddigin yadda labaransu da waƙoƙinsu suka kwarara cikin finafinan Hausa. Sai dai Lamhe yana tuna wa mai nazari cewa kamannin al'adu biyu yana da iyaka, iyakar kuwa a nan a kan ma'anar dangantaka take. A yankuna da yawa na arewacin Indiya, mabiya addinin Hindu ba sa aure cikin zuriyar da suke kira gotra, a wasu wuraren ma 'yan ƙauye ɗaya kallon wa da ƙanwa suke yi wa juna. Mace tana iya ɗaura wa namijin da ba jininta ba zaren rakhi ya zama ɗan'uwanta. Inda zumuncin da aka ƙulla da hannu yake da wannan nauyi, mutumin da ya ɗauki nauyin marainiya tun ranar haihuwarta ya shiga sahun iyaye, ko ya so ko bai so ba. Shi kuwa Bahaushe musulmi yana da jerin muharramai a ƙididdige, ta hanyar jini da shayarwa da surukuta, kamar yadda aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta zayyana. Agola tana haramta ga mijin uwarta idan ya tare da uwar. Viren bai auri Pallavi ba, ko hannunta bai nema ba. A wannan ma'auni babu abin da ya shiga tsakaninsa da Pooja, kuma a garin da ake aurar da 'yar riƙo ga ɗan gidan da ta tashi a ciki, labarin bai zo da baƙon abu ba.

Abin da ya zo wa amaryar a baƙo wani ne daban, kuma ba ta faɗa wa kowa ba a daren. Pooja ce ta fara magana. Ita ta zaɓa, ita ta tsaya gaban namiji ta ce shi take so, da ya ƙi kuma ba ta janye ba. Shekarun nan ne littattafan soyayya suke yawo hannu-hannu a tsakanin matan aure, ita ma ta karanta Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu a ɓoye, inda aka cire yarinya daga makaranta aka aurar da ita ga dattijo. A littafin, tazarar shekaru tafe take da tilas. A fim ɗin kuwa ga tazarar nan, amma wuƙa da nama suna hannun yarinyar, babban mutumin ne yake gudu. Ta ɗauki wannan ta ajiye a zuciya. Ta kan kalli mijinta, mutum mai sanyin hali wanda daga baya ya mayar da ita makaranta har ta samu takardar shaidar malanta, ta riƙa gwada wa ranta cewa da an tambaye ta, wataƙila shi ɗin za ta nuna.

Auta ba ta yi dariya a rabin farko ba. Ta ce ba ta ga aibin saurayi ya so wadda ta girme shi ba, Viren na farko ma ya fi ba ta tausayi. Tun daga inda aka nuna ƙaramar Pooja tana leƙen baƙon da ke zuwa sau ɗaya a shekara ta fara gyara zama. Da aka kai wurin da Pooja ta tsinci zanen fuskar da ta ɗauka tata ce, alhali ta uwarta ce, sai ta tsayar da fim ɗin.

"Umma, wannan fa ba soyayya ba ce," in ji ta. "Shi ya ciyar da ita, shi ya biya mata makaranta, ba ta san wani namiji ba sai shi. Yarinyar da aka hana kulawa tun tana ƙarama, duk ranar da aka dube ta ai sai ta ce so ne. Kuma shi ba ita yake gani ba, gawar uwarta yake gani."

Maganar tana da ƙarfi, kuma ba daga intanet kaɗai ta samo ta ba, ko da yake kalmomin da ta fara kawowa na can ne. Damuwa da marainiyar da ke hannun mai riƙonta tsohuwar damuwa ce. A Suratun Nisa'i ɗin dai, aya ta 3 da ta 127, an ja kunnen waliyyan da ke sha'awar auren marayun da ke ƙarƙashinsu ba tare da yi musu adalci ba, kamar yadda aka ruwaito bayanin haka daga Nana A'isha. Halaccin aure bai kawar da tambayar ko wanda ke da iko ya yi adalci ba. Uwargida ta tsaya a kan halaccin, Auta ta tsaya a kan ikon, 'yan kallon Indiya na 1991 kuma suka tsaya a kan sunan da ya kamata yarinyar ta kira mutumin da shi. Duka ukun fim ɗaya suka kalla.

Shi ma fim ɗin ya san inda rauninsa yake, ya kuma yi ta toshe shi. Pooja ba ta taɓa kiran Viren uba ko kawu ba, Kunwarji take ce masa, laƙabin 'ya'yan sarauta. An nisanta shi da rainonta, teku ce a tsakaninsu tsawon shekara goma sha takwas. Akwai kuma dabarar da ido ba ya kamawa da wuri: an haifi Anil Kapoor a 1956, Sridevi a 1963. Shekara bakwai ce tsakanin mutanen da ke kan allo, sauran tazarar gashin baki da hodar furfura ne suka ɗauke ta. Da an sa yarinya 'yar 18 ta gaske a gefen mutum mai shekarun da labarin ya ba shi, da wuya waƙoƙin su yi daɗin da suka yi. Wannan ya sa hujjar Auta ta fi ta fim ɗin nauyi a wannan gaɓa, domin ita labarin take tuhuma, shi kuwa fim ɗin fuskokin taurarinsa ya sa a gaba su kare shi.

Inda hujjar tata ta gaza shi ne ba ta san da wa take magana ba. A wurinta mahaifinta tsoho ne mai furfura da ke kawo mata tsire da daddare, uwarta kuma uwa ce, ba ta taɓa auna su da ma'aunin da ta ɗora wa Viren da Pooja ba. Ta ci gaba da bayani, tana cewa duk auren da aka ƙulla tsakanin wanda ya ga duniya da wadda ba ta fita daga soron gidansu ba, ko ya yi daɗi, an ci da haƙƙin ƙaramar. Uwar tana sauraro, hannunta a kan carbi. Ta so ta ce mutumin nan bai taɓa ɗaga mata murya ba cikin shekara 29. Ta so ta ce shi ya riƙa raka ta har ƙofar makaranta lokacin da dangi ke cewa ya sangarta amarya. Ta kuma san duk wannan bai amsa abin da yarinyar ta faɗa ba, domin kirkin mutum bayan aure daban, tambayar yarinya kafin aure daban. A nan ne ta gane cewa fim ɗin da ta riƙe shekara talatin ba labarinta ya ba ta ba. Ya ara mata bakin Pooja ne, ita da ba a ba ta damar buɗe nata ba.

Shirun ya yi tsawo har Auta ta juyo ta dube ta. Aka ga lissafin yana shiga fuskarta a hankali, shekarar haihuwar Baba, shekarar haihuwar Umma, abin da ta sani tun tana firamare amma ba ta taɓa debe ɗaya daga ɗaya ba.

"Umma," ta ce, muryarta ta sauka, "ke an tambaye ki?"

"An faɗa mini," in ji uwar. "Ranar Laraba aka faɗa mini, aka ɗaura Juma'a ta sama."

Auta ta kai hannu za ta rufe kwamfutar. Uwar ta riƙe mata wuyan hannu.

"Bar shi, Auta. Saura kaɗan ya je ya same ta. Amma fara mayar mini da shi baya, wurin waƙar nan ta cikin rairayi, inda uwar take rawa da dare. A kaset ɗinmu wurin ya lalace, ban taɓa ganinsa sosai ba."