Daga Turmin 'Yargalma Zuwa Tukunyar Wakenki

Uwargida, in kin taɓa bin hanyar da ta ratsa Anka zuwa Gummi bayan kaka, kin ga ƙasar noma ta gaske: karan dawa a tsaye, harawar wake a ɗaure kan rufin ɗakuna. Can ciki, a ƙaramar hukumar Bukkuyum, akwai ƙauyen 'Yargalma. Yanzu kam ba kowa ke shiga ba saboda 'yan bindiga, amma sunansa ya zaga duniya tun 2010.

A shekarar ce ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar da yara suna ta suma da jijjiga, suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai yi musu komai. Ashe gubar dalma ce. Maza na haƙo dutsen zinari su kawo gida, mata su daka a turmi, wani a kai injin niƙa. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan yankin, har da Dareta da Bagega a Anka. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa.

Na kawo miki wannan ne saboda saƙonnin WhatsApp da suka dame mu kan GMO, wato irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Uwar da ta ga abin da ido ba ya gani ya ci mata ɗa, in ta yi ɗari-ɗari da sabon iri, ba ni da bakin ce mata jahila. Amma tsoro ma yana son a san inda za a ajiye shi.

Waken da ake magana a kai sunansa SAMPEA 20-T. Masana na cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, Zariya, suka samar da shi, aka fitar da shi ga manoma a ƙarshen 2019 bayan amincewar hukumar NBMA. An sa masa ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, sai ya riƙa yin sinadarin da ke kashe tsutsar da ke cin fure da kwanson wake. Masu binciken sun ce manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas zai iya komawa sau biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abincin GMO da ke kasuwannin duniya ya tsallake gwaji, ba a kuma ga ya cutar da masu cinsa ba. Zancen hana haihuwa da ake yaɗawa, babu binciken da ya tabbatar da shi.

Masu adawa fa suna da tasu hujjar da nake ganin ta karɓu. A 2024, shekarar da aka fitar da masarar TELA, Majalisar Wakilai ta nemi a dakata a bincika. Kuma wa zai rubuta miki sunan iri a jikin kwanon awo? Kina da haƙƙin sanin abin da kika saya, a kasuwar ƙauye kuwa babu mai gaya miki.

Abin da ya fi hana ni barci dai yana cikin buhu. Wannan sabon waken bai tsira daga ƙwaron ajiya ba, don haka mai zuba fiya-fiya zai ci gaba da zubawa. Ragowar irin wannan maganin ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Mu kuwa muna ta ƙosai da alale da shi.

Saboda haka in za ki auna wake, ki shinshina. In kin ji warin magani ki bar shi, kome arharsa. Ki wanke sosai, ki zubar da ruwan tafasar farko, ko da yake hakan ba ya cire komai da komai. In kuma na gonarku ne, ki sa maigida ya nemo buhun PICS mai ninki uku. Ana ɗaure shi tamau, iska ta ƙare wa ƙwaron a ciki, wake ya kai damina ba tare da ɗigon magani ba.