Jarrabawa mai gyara kanta da ɗalibar da ta kusa faɗuwa a kan gaskiyarta

Na daɗe ina koyar da nahawun Hausa da ƙa'idojin rubutu a wata makaranta a Damagaram, kuma cikin aikin nan babu abin da ya fi gajiyar da ni kamar gyaran takardu. Ajin da ya haura mutum 60, in ka yi masa gwaji ranar Litinin, sai ka kwana uku kana fama da jan alƙalami, wani lokaci da hasken tocila idan an ɗauke wuta. Kafin takardun su koma hannun masu su mun riga mun wuce darasin da mako biyu. Ɗalibi ya dubi makinsa a saman takarda, ya naɗe ta, ya cusa a jaka. Gyaran da na raba dare ina yi a gefen layi, ba mai karanta shi.

Wani abokin aikina mai koyar da lissafi ne ya fara nuna mini mafita. Ya buɗe Google Forms a kwamfutarsa, ya shiga wurin saiti, ya mayar da fom ɗin jarrabawa, tsarin da kamfanin ya ƙara tun shekarar 2016. Aikin ba shi da wuya. Malami zai rubuta tambaya, ya nuna wa na'ura amsar da yake so, ya sa mata maki. Akwai tambayar zaɓi, wadda ɗalibi zai tsinci amsa ɗaya cikin uku ko huɗu. Akwai ta gajeriyar amsa, wadda zai rubuta kalma da hannunsa. Ana iya sa tambayoyin su riƙa canza jeri daga waya zuwa waya don rage leƙe. Da zarar ɗalibi ya aika, makinsa ya fito, malami kuma ya ga matsakaicin makin aji da jerin tambayoyin da fiye da rabin ɗalibai suka kasa. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Tun cikin shekarun 1920 wani malamin Jami'ar Jihar Ohio a Amurka, Sidney Pressey, ya ƙera akwati mai madannai da ke ƙirga amsoshin da ɗalibi ya ci. Abin da ya sauya shi ne akwatin ya dawo cikin aljihun kowa.

A makon na shirya tawa: tambaya 20, kowace maki ɗaya, yadda muka saba ƙirga maki bisa 20. Takwas na zaɓi ne a kan jinsi, sha biyu kuma na gajeriyar amsa a kan jam'i, inda na ba da tilo na ce a rubuta jam'insa. Na aika adireshin jarrabawar ta WhatsApp, na kuma sanar cewa makin zai shiga lissafin zangon karatu. Har da alfahari na ce musu wannan alƙali ba ya son kai, bai san ɗan wane ba, bai san ƙyaƙƙyawan rubutu ba. Da dare ina zaune ina kallon maki yana shigowa da kansa, na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Washegari bayan darasi wata ɗaliba ta tsaya har kowa ya fita. Ƴar ƙasar Adar ce, daga wajen Tawa, kuma a ajin nan babu wanda ya kai ta kunnen Hausa. Ita ce ke kama ni idan na yi tuntuɓe a kan allo. Na'ura ta ba ta 9 bisa 20.

Ta ce, “Malam, don Allah mene ne jam'in ɗa?”

Na ce, “Ƴaƴa.”

Ta ce, “To, mu a gidanmu ɗiya muke cewa. Kakata ta haifi ɗiya tara, ban taɓa jin ta ce ƴaƴa ba. Kuma tambayar ba ta ce a rubuta irin ta littafi ba.”

Na buɗe baki zan kare kaina, sai na ga babu abin faɗa. Ta ƙara da cewa wayar yayanta ta ara, kuma allon rubutun wayar na Faransanci ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Ba ta ɗaga murya ba. Da za ta fita ta ce, “Malam, kai ka ce ba ya son kai.”

A daren na buɗe jadawalin amsoshin, na bi su ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata in yi tun kafin in saki maki. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, kuma a daren na ga nawa a fili. Na'ura ba ta san Hausa ba. Abin da take yi kawai shi ne ta ɗora haruffan ɗalibi a kan haruffan da na ba ta, in sun dace ta ba da maki, in sun saɓa ko da ɗigo ɗaya ta hana. Amsoshin da ta yar sun kasu kashi uku.

Kashi na farko na kalmomi masu jam'i fiye da ɗaya ne. Na sa sarakuna, wasu sun rubuta sarakai. Na sa littattafai, wasu sun rubuta littafai. Na sa dawaki, gonaki da malamai, wasu sun kawo dawakai, gonakai da maluma. Duk Hausa ce, kuma duk wanda ya taɓa buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ya san yadda kalma ɗaya kan zo da jam'i biyu ko uku, wani lokaci da alamar garin da ake faɗinsa. Na san haka, ina ma koyar da shi. Amma da na zauna cika wurin amsa, abin da ya fara zuwa bakina shi na rubuta, na mayar da shi doka.

Kashi na biyu na haruffa masu lanƙwasa ne. Wanda ya rubuta kasashe maimakon ƙasashe, ko dakuna maimakon ɗakuna, a takarda ya yi kuskure, kuma ba na sassauta wannan. Tazarar da ke tsakanin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ba ado ba ce. Sai dai a nan ban iya rarrabe wanda bai san ƙa'ida ba da wanda wayarsa ba ta da harafin. Na yi niyyar auna sanin jam'i, sai na ƙare da auna irin wayar da ke hannun ɗalibi.

Kashi na uku shi ya fi ba ni mamaki. Mu a Nijar muna rubuta ƴaƴa da harafin ƴ, kamar yadda ƙa'idar rubutunmu ta 1999 ta tanada, a Najeriya kuwa 'ya'ya ake rubutawa, da ɗan waƙafin nan na sama. Yawancin littattafan Hausar da ɗalibaina ke karantawa daga Kano da Zariya suke zuwa, don haka da yawansu irin ta can suka rubuta. Ko da na ƙara 'ya'ya cikin amsoshin da za a karɓa, sai na tarar wasu har yanzu ba su dace ba. Ashe waƙafin kansa iri-iri ne a cikin na'ura: akwai miƙaƙƙe, akwai lanƙwasasshe, wasu wayoyin ma su ke sauya shi da kansu. Ido yana ganin abu ɗaya, na'ura tana ganin haruffa daban.

Na sake gyara jarrabawar da hannu, na ba aji haƙuri a gaban kowa. Makin ɗalibar nan ya koma 18, biyun da ta rasa kuwa kuskurenta ne na gaske, ta kuma yarda da su ba musu.

Ban daina amfani da irin wannan jarrabawa ba, amma na sauya yadda nake gina ta. Kafin in rubuta kowace tambaya, nakan fara tambayar kaina abin da nake so in auna, abu ɗaya tak. In haruffa masu lanƙwasa ne, sai in mayar da ita tambayar zaɓi: in kawo jimla mai gurbi, ɗalibi ya zaɓi baki ko baƙi, ta yadda wayar kowa za ta iya. Darasin farko na kowace shekara kuma yanzu na sa allon rubutun Hausa a waya ne, tunda Gboard yana da shi. In daidaitacciyar Hausa nake nema, sai in faɗa ƙarara a cikin tambayar. In ban faɗa ba, to ɗiya ta ci makinta. Kuma tunda rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ba na ƙara ajiye kalma tsirara. Gari na iya zama na zama ko na tuwo, wuya na iya zama na jiki ko na sha'ani. Jimla ce ke raba gardama.

A tambayar gajeriyar amsa nakan jera duk siffofin da na sani, in bar akwatin nan da ke cewa a ɗauki sauran amsoshi a matsayin kuskure ba tare da na taɓa shi ba, sannan in zaɓi kada maki ya fita sai na duba. Wannan yana buƙatar kowane ɗalibi ya ba da adireshin imel, kuma yana cin lokaci, amma rabin awa ne maimakon kwana uku. Amsoshin ruɗu na tambayar zaɓi daga kurakuran ɗalibai na bara nake ɗebo su, ba daga kaina ba. Ƙarƙashin kowace tambaya akwai wurin bayani, nan nake rubuta dalilin amsa, ɗalibi ya karanta tun abin yana da zafi a ransa. Insha'i da fassara da sharhin waƙa kuwa suna nan a takarda, ƙarƙashin jan alƙalami. Makin waɗannan ƙananan gwaje-gwajen ma na cire shi daga lissafin zango, domin wanda ya ari waya ko kuɗin intanet ya yanke masa bai kamata ya biya da sakamakonsa ba. Da na cire, satar amsa ta WhatsApp ta ragu da kanta, don babu abin da za a sata.

Ku da kuke nazarin Hausa, wata rana za ku zauna a ɗayan ɓangarorin nan biyu. In na'ura ta ce kun faɗi, ku nemi ganin amsar da aka ba ta, ku tambayi dalili cikin ladabi, kamar yadda ɗalibar nan ta yi. In kuma ku ne masu shirya tambayar, ku tuna duk abin da kuka rubuta a wurin amsa shi zai zama Hausa a idon na'ura, sauran kuma ta kore shi.

Yanzu wurin da na fi so a duk jadawalin shi ne layin amsoshin da ba su dace ba. Nan nake ganin tahi kusa da tafi, hita kusa da fita, nan nake gane ɗan Maraɗi da ɗan Dogonduci tun ban duba suna ba. Ina da wani ɗan littafi da nake kwafe su a ciki, kuma kalmar da ke saman shafinsa na farko ita ce ɗiya.